Wankin Ƙoda A Gida: Ko Zai Fisshe Mu?

Jama'a, ciwon ƙoda ya zama abin tsoro, musamman ga mutanenmu na Gashuwa da Haɗeja inda ya yi katutu. Idan ƙoda ta daina aiki, sai dai wanki ko dashe. A nan Ikko aka fara wankin ƙoda a Nijeriya, a asibitin koyarwa na LUTH cikin 1981, amma har yau talaka bai huta ba. Likitoci na so a yi wanki sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya daga N50,000 zuwa N12,000 a wasu asibitocinta. Duk da haka N36,000 ke nan a mako, ban da kuɗin mota da ranakun kasuwa da aka rasa.

To, akwai wata hanya. A 1976 likitoci a Amurka suka fito da wani sabon salo na dabarar wanki ta fatar cikin mutum. Ana sa ɗan bututu a ciki, majiyyaci ya ɗura ruwan magani kamar lita 2, ya bar shi ya tsotse dattin jini, sa'an nan ya zubar, sau 4 a rana. Ba inji, ba lantarki, kuma mutum yana iya ci gaba da sana'arsa. Hong Kong ta fifita wannan hanya tun 1985.

Amma fa da sauran rina a kaba. Ruwan nan daga ƙasashen waje ake sayo shi, ga tsada. Lita 8 a rana, wato 240 a wata, ina ɗan kasuwar Agege ko Sabon Badun mai kwana da mutum biyar a ɗaki ɗaya zai ajiye su? Kuma in ƙazanta ta taɓa bututun, ciki yakan kamu da cuta mai iya kisa.

Saboda haka ya kamata gwamnati ta sa a riƙa yin ruwan nan a cikin ƙasa, ta horar da ma'aikatan jinya masu bi gida-gida. Sarakunan Hausawa na Kurmi kuma su kafa asusun taimako. Mu kanmu mu riƙa auna hawan jini da ciwon sukari, mu guji jiƙe-jiƙen kan titi da yawan shan maganin ciwon jiki, don su ne ke cinye ƙoda a ɓoye. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.