Daren cincin: Al'adar da sayen na leda ke neman rabawa da gidaje

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, wayoyin mutane kan cika da tallar kayan Sallah. Cincin a bokitin roba, dubulan a kwali, kek a leda mai ƙyalli, ga lambar asusu a ƙasan hoto. A tura kuɗi da hantsi, ɗan aike ya kawo kafin la'asar. Ga matar da ke fita aiki, ko wadda ke fama da ƙananan yara ga kuma girkin buɗa baki, wannan sauƙi ne da babu mai raina shi.

Sai dai akwai abin da ba ya biyo ɗan aiken zuwa gida, wato daren da ake yin cincin ɗin.

A gidajen da ba su bar al'adar ba, aikin kan fara ne bayan sallar asham, domin da rana ba halin ɗanɗana kwaɓi a ji ko sukari ya ji. Uwa ce kan kwaɓa fulawa da bota da ƙwai da madara. 'Yanmata su murza da kwalba a bayan faranti, wasu su yanka da wuƙa, ƙanana kuma aikinsu barbaɗa gari da satar na farko da aka tsame daga mai. Maƙwabciya ta leƙo aron matsami, ta zauna, hira ta ɓarke har ƙarfe ɗaya. Ƙamshin suya ya ratsa katanga, duk layin ya san gidan wane sun fara.

Yaron da ya yanka cincin a karkace zai neme shi a faranti ranar Sallah, ya nuna wa baƙi cewa wannan nasa ne. Cincin ɗin bokiti ya fi nasa kyau da daidaito, wataƙila ma ya fi daɗi, amma ba ya sa yaro alfahari irin wannan. Rabin daɗin Sallah a shirinta yake. Gidan da ya sayi komai a gama ya huta da wahala, kuma ya rage wa 'ya'yansa kwanakin murna, domin Sallar da a da ake fara jin ta tun mako guda kafin ganin wata ta koma ta yini ɗaya ko biyu.

Maganar kuɗi ba ta kaucuwa a nan. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, fulawa da sukari da man gyaɗa suka yi tashin da ya girgiza kowane gida. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Fulawa ta fi shan wuya saboda yawancin alkamar da kamfanoni ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, duk motsin da dala ta yi sai an ji shi a mudu.

Saboda haka wanda ya ce yi a gida ya fi araha a kowane hali bai yi lissafi da kyau ba. Idan uwargida za ta soya rabin mudu ita kaɗai, kuɗin mai da na gas ko gawayi na iya kamo farashin na sayarwa. Amma iyaye da kakanni sun san maganin wannan tun kafin a san wani abu hauhawar farashi. A gidan yawa ba kowace mace ce ke hura wutarta ba. Wannan ta kawo fulawa, waccan sukari, wata mai, a soya a kasko ɗaya, a raba. Man da zai ishi gida ɗaya shi ne dai zai soya na gida uku. Zaman gidajen haya da na rukunin gidaje masu dogayen katangu ne ya kashe wannan, har ta kai mata biyu ƙofa da ƙofa kowacce na lissafin ba za ta iya ba, alhali da sun haɗa hannu da sun iya.

Abin da ya fi tsada ma shi ne gasar da waya ta kawo. A Instagram da TikTok ana nuna teburin Sallah mai kala goma, kowane abu da kwanonsa, yara da ɗinki uku-uku. Mai kallo ba ya ganin bashin da ke bayan wasu daga cikin hotunan. Sai magidanci ya ranto don kada a ce gidansa ya gaza, bayan Sallah kuma ga kuɗin makaranta na jira. Faranti ɗaya da mutanen gida suka yi da hannunsu ya wadatar a tarbi baƙo, kuma babu baƙon kirki da ke ƙirga kalolin da aka ajiye masa.

Akwai kuma masu cewa ba su da na'urar gashi, don haka kek ya fi ƙarfinsu. Wannan uzuri bai da ƙarfi. Shekara da shekaru mata na gasa kek a babbar tukunya da aka zuba wa yashi a ƙasa, a jera gwangwanayen madara da aka shafe da mai, a rufe, wasu su ɗora garwashi a kan murfin don sama ya gasu. Sirrin dai wuta kaɗan-kaɗan da haƙuri, da kuma daina buɗe tukunya kowane minti. Gurasar da Kano ke tinƙaho da ita ma a tanderun ƙasa ake gasa ta, ba ta taɓa jiran wutar lantarki ba.

Cincin da kek ba sa cikin haɗarin ɓacewa, ko an daina yi a gida za a ci gaba da sayarwa. Waɗanda ke cikin haɗari su ne alkaki da nakiya.

Alkaki aikin haƙuri ne. Alkama ake ɓarzawa, a kwaɓa, a bar ta ta kwana ta tashi, sannan a murza a naɗa ta da hannu, a soya, a tsoma a zuma ko a sukarin da aka dafa da ɗan tsami. Nakiya kuwa shinkafa ce ake soyawa a daka ta yi laushi, a haɗa da man shanu da zuma ko sukari da kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari, a yi ta kirɓawa a turmi har ta kama jikinta. Idan ta yi kyau takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa take cikin kayan gara, kuma take zama guzuri.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke da rubutaccen awo a yawancin gidaje. Awon yana hannun tsofaffi: yadda kwaɓi ke ji a tafin hannu, yadda sukari ke danƙo tsakanin yatsu biyu, launin da ke nuna a tsame. A unguwanni da dama yanzu mace ɗaya ko biyu ce ta rage da ake kai wa aikin alkaki in biki ya taso, kuma galibi ta manyanta. Duk ranar da ta kwanta dama ba tare da ta koya wa kowa ba, unguwar ta yi asarar da kuɗi ba ya mayarwa. Abin takaici, 'yanmata da yawa za su biya kuɗin koyon kek mai hawa uku a ajin intanet, ga kakarsu a ɗaki da ilimin da ba a samu a ajin, babu mai tambayarta.

Ga shi kuma su waɗannan kayan na gida ne. Shinkafa ana nomanta a Kebbi da Jigawa da Kano, alkama na fitowa daga Kadawa da kwarin Haɗeja, zuma da man shanu suna kasuwannin ƙauye. Kuɗin da aka kashe a kansu a hannun manomi da makiyayi yake tsayawa.

Ba a kicin kaɗai aikin hannu ke riƙe da Sallah ba. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa ya san abin da ke ɗaukar ido: sirdi da linzami da likkafa, kwalliyar dawakai, rawuna da alkyabbu, manyan riguna masu aska takwas. Kowane ɗaya ya bi ta hannun wani, baduku ko maƙeri ko marini ko maɗinki. Masu ɗaukar hoto kan bi mahayi, ba kasafai ake tambayar wanda ya yi wata guda yana sunkuye a kan rigar ba.

Haka hula. Hula mai kyau ta hannu kan ci makonni, allura ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da rikicin Boko Haram ya raba mutanen Bama da garinsu a 2014, ɗinkin hula na cikin abin da mata da maza da yawa suka riƙe a sansanonin Maiduguri suna samun na abinci. Sun baro gida da gona, amma sana'ar da ke yatsunsu ta biyo su. Kuma masu ɗinki kan faɗi wani abu da ya wuce kuɗi, cewa zama da zare da allura na kwantar da hankali. Mai saƙa tabarma da mai yin faifai da mai zanen lalle sun san wannan natsuwar. Hannu na aiki, baki na hira ko zikiri, ga abu na girma a gaban ido.

Amma dubi yadda ake yi musu a kasuwa. Mutumin da zai biya kuɗin shaddar waje ba tare da ya ce uffan ba, shi ne zai tsaya yana taya hular hannu kamar ta inji, har ya ce ai zare ne kawai. Matar da ta biya kuɗin jaka mai tambarin kamfani ita ce za ta nemi ragi wajen mai ƙunshin da ta kwana a duƙe a kan ƙafafunta. Hoton Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, yana bayan takardar naira ashirin, amma mai ginin tukunya ta yau sai ta yi da gaske kafin a saya a farashin da ya biya wahalarta. Matashin da ya ga yadda ake wulaƙanta sana'ar mahaifinsa ba zai gaje ta ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara da kyau, kuma daga mata yake fitowa. Sukan ce masu kewar daren cincin galibi ba su ne ke tsayuwa a kan wuta ba. Gaskiya ne. Macen da ta yini da azumi, ta yi girkin buɗa baki, ta tashi na sahur, ta kai yara kitso da wajen tela, in an ƙara mata suya har tsakar dare ita kaɗai, wannan ba farin ciki ba ne, ƙarin nauyi ne. Al'adar ta yi daɗi a da ne saboda hannu da yawa ke cikinta. Idan ana son ta dawo, sai maigida da samarin gida sun shigo. Namijin da ke iya fiɗar rago da Babbar Sallah ba zai gaza yanka cincin ba, kuma yaro namiji da ya iya murza kwaɓi bai rasa komai na mazantaka ba. Masu gasa burodi da tsire da masu shayi a bakin titi ai galibi maza ne.

Su ma masu sayar da na bokitin ba abokan gaba ba ne. Yawancinsu matan aure ne da zawarawa da ɗalibai da ke soyawa a tsakar gidajensu, da ribar suke biyan kuɗin makaranta da ɗinkin 'ya'yansu. Wadda ba ta da lokaci ta saya a wajensu, ta biya ba tare da jan rai ba, ta yi abin kirki. Abin da ake roƙo bai taka kara ya karya ba: a sayi abin da za a saya, amma a bar abu ɗaya da za a yi a gida, ko da gireba ce ko tuwon madara ko kantun riɗi, wanda yara za su sa hannu a ciki, su kuma kai wa maƙwabta a kwano tare da tuwon Sallah.

Wayar da ta kawo gasar ma tana da ranarta. Duk gidan da ke da tsohuwar da ta iya alkaki ko nakiya, bai kamata a jira sai biki ya taso ba. Tun kafin azumi ya yi nisa, a sayo mudun alkama, a shimfiɗa mata tabarma, jikoki su zauna kusa, ɗaya ya riƙe waya yana ɗauka, wata kuma ta auna abin da ta ɗebo da hannu a kofi ta rubuta. Na farko zai iya watsewa a cikin mai, na biyu ya yi tauri. Tsohuwar za ta yi dariya, ta nuna inda aka kuskure, a sake kwaɓawa.