Ƙauyenka Ba Kowa Ba Ne A Gaban Dokarsu



Ya ɗan uwa mai karatu, musamman kai da ka fito daga ƙasar Lautai, ina da tambaya gare ka, kuma kada ka naɗe jaridar nan ka sa aljihu sai ka ba kanka amsa. Ƙauyen nan da aka binne cibiyarka, mai dagaci da liman da maƙabarta da rijiya da burtali tun kaka da kakanni, mene ne matsayinsa a dokar Nijeriya? Yana da majalisar da doka ta san da zamanta? Yana da asusu? Zai iya karɓar kuɗin kasuwarsa ya gyara rijiyarsa? In aka zo yanka gonakinsa, yana da ikon ya ce bai yarda ba, maganar ta tsaya?

Amsar duka ɗaya ce: a'a. A wajen dokarsu ƙauyenka suna ne kawai a kan taswira, wurin da ake dasa akwati ranar zaɓe.

Ɗauki kundin tsarin mulkin 1999 ka duba. Hawa uku ya sani: tarayya, jiha, ƙaramar hukuma. Ya lissafa ƙananan hukumomi 774, 27 daga ciki a Jigawa, huɗu su ne namu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Daga nan ya rufe baki. Kasuwa, tasha, kwata, maƙabarta, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, duk ya danƙa su a hannun ƙaramar hukuma. Dagaci da mai unguwa da hakimi kuwa, kai har sarki, kundin bai ba su aikin komai ba. Dokar jiha ce ke riƙe da su, albashi kuma yana fitowa daga hannun mahukunta. To wanda ake ciyar da shi daga sama, ta yaya zai ɗaga murya ya kare na ƙasa? Shi ya sa za ka ga dagaci da rawani har kunne, amma in takarda ta zo daga Dutse, iyakarsa ya tara mutane ya ce a yi haƙuri.

Wannan ba yau aka fara ba. A 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar da ta sa duk ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamnansu. A lokacin En'e dagaci ɗan aiken haraji da jangali ne. A 1976 sojoji suka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, suka raba sarakuna da ragowar ikonsu, amma ko kaɗan ba su sauko da shi ƙauye ba. Sai kuma a 1978 gwamnatin Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yau ita ake aiki da ita, an ma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a iya taɓa ta da sauƙi.

Me dokar ta ce? Sashe na 1 ya ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna, wai amana ya riƙe wa jama'a. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili a karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙinka a kan gonarka in ya ce maslahar jama'a ce ta kawo haka. Sashe na 29 ya yi maganar diyya, amma diyyar shuka da gini da abin da ka raya, ba kimar ƙasar kanta ba. In kuma filin na al'umma ne, gwamna ne zai zaɓi inda kuɗin za su, ko hannun al'ummar, ko hannun shugabanta, ko wani asusu da shi ya ga dama. Ka karanta dokar daga farko har ƙarshe, ba inda za ka ga an ce a tara mutanen ƙauye a nemi yardarsu.

Kada wani ya ce wannan zancen takarda ne. Mun gani da idonmu. A shekarun 2016 da 2017, zamanin Gwamna Badaru Abubakar, ƙasar nan ta ɗauki zafi a kan fili kimanin hekta 12,000 da aka ware wa kamfanin Lee na 'yan Sin don noman rake, a yankunan Gagarawa da Sule Tankarkar da Taura da Garki. Hekta 12,000 fa, murabba'in kilomita 120 ke nan! Gwamnati ta ce ci gaba ne, za a biya diyya, matasa za su sami aiki. Manoma da dama suka ce gonar gado ba ta da farashi, suka yi zanga-zanga, suka kai kuka gidajen jaridu. Ni a nan ba shari'ar rake nake yi ba. Tambayata ita ce: cikin ƙauyukan da abin ya shafa, wanne ne doka ta wajabta a jira amsarsa kafin a kafa turaku? Babu ko ɗaya. Ra'ayinsu alfarma ce, in an ga dama a ji, in ba a ga dama ba a wuce.

Haka in ka je Maigatari ranar Alhamis, ka ga shanu da raƙuma da awaki daga Nijar sun cika kara, tireloli suna lodi zuwa Kudu. Ana yankar rasit a kan dabba da mota da rumfa. Ƙauyukan da dabbobin nan suka ratsa, suka sha ruwan rijiyoyinsu, wanne ne yake da ikon ya ce a buɗe masa littafi ya ga rabonsa?

Za su ce maka ai kuna da kansila. Kansila ɗaya ne a kan mazaɓar da ta haɗa ƙauyuka barkatai, kuma kowa ya san wanda ya tsayar da shi. Za su ce ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Madalla. Amma wannan rigima ce tsakanin gwamna da ciyaman. Ko an aiwatar da hukuncin ɗari bisa ɗari, kuɗin a sakatariya za su tsaya. Za su kuma ce wai mutanen ƙauye jahilai ne, ba za su iya riƙe iko ba. Subhanallahi! Mutanen da suke raba gado, su shata iyakar gona, su yi gayya su gina masallaci ba tare da kwangila ba, su ne ba za su iya riƙe asusun rijiya ba?

Kuma kada a ruɗe ka cewa haka duniya take ko'ina. A Tanzaniya, nan Afirka, majalisar ƙauye hukuma ce mai rajista, tana ƙara ana ƙararta da sunanta, kuma dokar 1999 ta ba ta kula da filayen ƙauye. A Indiya gyaran tsarin mulki na 1992 ya kafa majalisun ƙauyuka. A 2013 Kotun Ƙolinsu ta ce sai taron mutanen ƙauye ya yanke hukunci kafin a haƙi ma'adinai a duwatsun Niyamgiri don kamfanin Vedanta. Ƙauyuka 12 suka zauna ɗaya bayan ɗaya, duka suka ce a'a, aikin ya tsaya. Talakawa ne kamar iyayenmu, bambancin kawai doka ta san da bakinsu.

To 'yan uwa matasa, mene ne abin yi? Zama a majalisa ana tsaki ba ya dawo da gona.

Na farko, Sashe na 36 na dokar 1978 ɗin nan ya yarda cewa wanda yake noma gonarsa a karkara tun kafin dokar yana nan da haƙƙinsa, kuma zai iya kai zanen gonar ƙaramar hukuma a yi masa rajista. Kai da ka yi boko, ɗauki biro da littafi ka bi mahaifinka gona. Ku rubuta iyaka da maƙwabta da shaidu, ku nemi takarda. A rubuta burtali da makiyaya da maƙabarta da filin Idi tun tsofaffin da suka san iyakokin suna raye.

Na biyu, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda al'ummar da al'ada ko addini ko zumunci ya haɗa ta naɗa amintattu, ta yi rajista da hukumar CAC. Da wannan rajista ƙungiyar ƙauye za ta iya mallakar fili, ta buɗe asusu, ta shiga kotu da sunanta. Ba zan yaudare ku ba, wannan ba ya mai da ƙauye hukuma, ba ya ɗaure hannun gwamna. Amma ya fi a ce mutum uku ne suka sa sunayensu a madadin gari, a bi su gida da dare da barazana ko da ambulan, ƙara ta mutu. Sai dai a zaɓi amintattu masu tsoron Allah, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, don kada mu gudu daga kura mu faɗa bakin zaki.

Na uku, duk mai neman ƙuri'ar iyayenku da ya shigo gari da atamfa da taliya, ku tambaye shi a gaban mutane: zai goyi bayan dokar da za ta hana a taɓa filin ƙauye sai taron ƙauye ya amince? In ya fara kame-kame, kun san ko shi wane ne.

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu girman zunubin cin iyakar ƙasa, ko da taƙi ɗaya ne. Yau ana maganar dubban hekta, mu kuma mun yi shiru muna jiran dagacin da shi ma jira yake. Tsohon da ya sayar da akuyarsa ya sa ka makaranta, da wane ido za ka dube shi ranar da aka kafa turaku a gonarsa?

Allah Ya tsare mana gonakinmu da mutuncin iyayenmu, Ya isar wa raunana.