Cinikin Biri A Sama

A makon jiya wani malamin makaranta da ke zaune a Gyadi-Gyadi ya shigo ofishinmu riƙe da wata doguwar jaka, ransa a ɓace. Da ya kwance ta sai muka ga jita ce, irin babbar nan mai tsirkiya huɗu da makaɗa ke kira bas. Ya ce da kaka ya saye ta da guminsa, domin yaran da ya ke koya wa kiɗa bayan an tashi daga makaranta. Ran da ya saye ta sai ƙyalli ta ke yi kamar madubi. Hunturu na shigowa wuyanta ya tanƙware, tsirkiyoyin suka yi nisa da katako har yaro ba ya iya danne su, bakin ƙarafan da aka gitta a wuyan kuma ya fito yana yankar yatsa. Ya mai da ta kantin da ya saya, aka nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit, cewa kayan da ya fita ba ya dawowa.

Mun san akwai masu karatunmu da za su ce, duk matsalolin da ke damun ƙasa ba mu ga abin magana ba sai jita? To, mu dai a ganinmu kukan malamin nan ya wuce jita. Abin da ya same shi yana samun mai sayen injin ban ruwa, da mai sayen keken ɗinki, da akawun da ya karɓi kujerun makaranta ya sa hannu. Dukansu kayan masana'anta ne da a ke ƙerawa dubu bisa dubu a wata ƙasa, a auno mana, mu biya tukuna sa'an nan mu gane abin da muka saya. Jita ta fi sauran sauƙin misali ne kurum, don aibinta ba ya ɓoyuwa: kunne na jinsa nan take.

Bari mu fara da bayanin abin, domin waɗanda ba su saba da shi ba. A cikin taron makaɗa bas ita ce ke riƙe ƙasan kiɗa, kamar yadda harsashi ke riƙe gini. Muryarta kauri gare ta ƙwarai. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa wajen sau 41 ne kacal a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mutum kan ji ta a ƙirjinsa tun kafin ya tantance ta da kunne. Mai kaɗa ta ba ya neman a yaba masa, aikinsa shi ne ya haɗa bugun ganga da muryar mawaƙi su tafi tare. In ya kuskure kaɗan, 'yan kallo ba za su san shi ne ba, sai dai su ce kiɗan yau bai yi daɗi ba.

Wani Ba'amurke mai gyaran rediyo, Leo Fender, shi ne ya fara ƙera irin wannan jita da yawa don sayarwa, a Kalifoniya cikin 1951. Kafin nan makaɗan Turai da Amurka suna fama ne da wani ƙaton goge mai tsawon mutum, wanda ba shi da alamar wurin sa yatsa. Fender ya gitta ƙarafa a wuyan tasa, kowane a wurin da lissafi ya nuna, ya raɗa mata suna Precision, watau mai daidaito. Tsawon tsirkiyarta daga sama zuwa jaki inci 34 ne, ƙarfe na 12 kuwa yana tsakiya daidai, a kan inci 17. Malaman lissafi za su gane cewa in aka goce da ɗan kaɗan wajen dasa ƙarfe ɗaya, muryar wannan wuri ta ɓaci ke nan har abada, kome gwanintar makaɗi.

Kada wani ya ɗauka muna sukar aikin masana'anta ne. Ko kusa. Dalilin Fender tun farko shi ne a yi abin da talaka zai iya saya, a ɗaura wuya da kusoshi yadda in ya lalace za a kwance a sa wani. Ba don masana'anta ba, da ɗan malamin makaranta a Tarauni bai ko taɓa jita da hannunsa ba. Amma tarihin kamfanin nan kansa ya isa darasi. Cikin 1965 wani babban kamfanin watsa labarai, CBS, ya saye shi a kan dala miliyan 13. Aka ƙara yawan abin da a ke ƙerawa, makaɗa kuwa suka yi ta kuka cewa aikin ya ragu, har jitocin da aka yi kafin cinikin suka fi sababbi daraja a kasuwa. Ana cikin haka sai maƙeran Japan suka fara fito da kwaikwayo mai araha wanda sau da yawa ya kan kama ƙafar na asali. Cikin 1982 kamfanin ya ga ba makawa ya shiga yarjejeniya da su, suka riƙa ƙera masa jitoci masu sunan Squier. Cikin 1985 CBS ya sayar da kamfanin ga ma'aikatansa, suka koma gyaran sunan da aka ɓata.

To, ina Japan ta samo wannan? A dā ai in an ce kaya na Japan ne, ana nufin ba ya ƙarko. Cikin 1950 injiniyoyinsu suka gayyaci wani masanin ƙididdiga daga Amurka, W. Edwards Deming, ya koya musu yadda a ke auna aiki a kowane mataki, a rubuta, a bi sawun kuskure har a gano inda ya ke fitowa. Gundarin koyarwarsa shi ne, nagarta tun daga farkon aiki a ke gina ta. Mai dubawa a bakin ƙofa ba ya iya mai da rubabben kaya mai kyau. Daga 1951 suka fara ba da lambar yabo da sunansa. Yau mafi yawan jitoci masu araha a ƙasashen Sin da Indunusiya a ke yinsu, kuma injunan da kwamfuta ke sarrafawa suna yanka katako daidai fiye da hannun mutum. Cikinsu akwai masu kyau ƙwarai. Bambancin mai kyau da maras kyau yana wurin da inji ba ya kaiwa: an bar katakon ya bushe sosai? An goge bakin ƙarafa? An liƙa wayoyi da dalma yadda ya kamata? Akwai wanda ya ɗauki kowace ɗaya ya kaɗa ya saurara kafin a sa ta a kwali? Wannan aiki lokaci ya ke ci, lokaci kuwa kuɗi ne, shi ya sa shi a ke fara yankewa in ana son rage farashi.

Sa'an nan mu a Kano muna da namu alƙalin da masana'antun ba su yi shawara da shi ba, watau hunturu. Maƙeran kayan kiɗa suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A nan kuwa tsakanin Disamba da Fabrairu ya kan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako na tsukewa in ya bushe, ƙarfe ba ya tsukewa, shi ya sa bakin ƙarafan ke fitowa. Tsirkiyoyi huɗun nan kuma suna jan wuya dare da rana da ƙarfin da ya kusa nauyin babban mutum. Akwai wani sandan ƙarfe da a ke ɓoyewa cikin wuyan don ya yi tsayayya da wannan ja, ana ɗaure shi ko a sassauta da ɗan makulli. A jita ta ƙwarai, juyi kaɗan ya isa ya mai da wuya daidai. A ta malaminmu sandan ya ƙi motsi sam. Makaɗanmu na gargajiya sun san wannan tun kaka da kakanni. Mai kalangu ya san fatarsa da damina dabam, da rani dabam. Mai goge da mai garaya da mai kuntigi ba sa karɓar abu daga hannun maƙeri sai sun gwada a gabansa, in da gyara a yi nan take. Mai yi da mai saye suna gari ɗaya, kunya kanta ta isa ta tsare aiki. Yanzu da teku ta raba su, tilas a sami abin da zai maye gurbin wannan kunya.

Abin bai tsaya a asarar kuɗi ba. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe su ke da akwatin ƙara murya ta hanyar waya, saboda haka in akwatin nan na da aibi, ko ba a haɗa shi da ƙasa ba, wuta na iya bi ta hannun makaɗi. Cikin 1976 wani sanannen mawaƙin Ingila, Keith Relf, ya rasu ta haka a gidansa yana kaɗa jita. Duk wanda ya san yadda a ke jona waya a ɗakunan samarinmu, da yadda a ke haɗa ta da janareta, ya san ba mu faɗi wannan don tsoratarwa ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Tun daga 1990 da aka yi fim ɗin Turmin Danya, sana'ar fim da waƙa ta yi ta bunƙasa a Kano, ɗakunan ɗaukar murya suka yawaita a Titin Gidan Zoo da unguwannin da ke kewaye, har da Gyadi-Gyadi. Mafi yawan kiɗan da a ke yi a cikinsu na fiyano ne da kwamfuta, inda muryar bas ke fitowa da danna yatsa ɗaya. Ba mu ƙi wannan ba, ya ciyar da mutane da yawa. Amma maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da hannu zai iya: Bombino da Mdou Moctar sun kai jitar ƙasar Agadas manyan biranen duniya. Yaron da ya yi niyyar koyo da hannunsa, aka ba shi jitar da ke yanka masa yatsa, wadda ba ta taɓa fitar da murya daidai, ba zai ce jita ce ta gaza ba. Kansa zai zarga, ya ajiye, shi ke nan. Malamai sun fi kowa sanin yadda mugun kayan aiki ke kashe zuciyar ɗalibi.

Mene ne abin yi? Ga shawararmu.

Na farko, mai saye ya daina cinikin biri a sama. Ya sa a buɗe kwali a jona ta a kanti. Ya ɗaga ta ya hangi wuyan daga sama kamar mai duba miƙewar sanda. Ya shafa gefen wuyan da yatsa. Ya kaɗa kowace tsirkiya a sake, sa'an nan ya danne ta a ƙarfe na 12; muryar nan ɗaya ce za ta fito, sai dai ta fi siranta, in ta kauce akwai magana. Ya murɗa maɓallan ya ji ko suna ƙara. Ya nemi a juya sandan wuya a gabansa. In bai iya ba, ya tafi da wanda ya iya.

Na biyu, 'yan kasuwa. Wanda ya ga yadda a ke ciniki a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni ya san ba mai biyan kuɗin waya sai an kunna ta, kuma masu gyara na zaune kusa da masu sayarwa. Me zai hana masu kayan kiɗa su yi haka, su daidaita kowace jita kafin ta fita, su kuma yarda a dawo da ita a gyara in hunturun farko ya taɓa ta? Ɗan kasuwar da ya fara wannan ba zai rasa masu saye ba.

Na uku, hukuma. Tun 1971 aka kafa hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, cikin 2005 kuma ta fito da tsarin duba kayan waje tun kafin a yo jigilarsu. Akwai kuma dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta ba mutum ikon mai da kayan da ya tarar da aibi. Rubutun ƙasan rasit bai fi doka ƙarfi ba. Muna roƙon a riƙa bayyana wa jama'a wannan da Hausa, a kuma sa ido musamman kan akwatunan ƙara murya, inda rai ke cikin haɗari.

Na huɗu, makarantun koyon sana'a. Gyaran jita rabinsa aikin kafinta ne, rabinsa na mai gyaran rediyo, dukansu kuwa muna koyar da su. A haɗa su wuri ɗaya a ba yara, ga sana'a ta samu.

Na ƙarshe, ku akawuna da malamai, ku ne maganarmu ta fi shafa. Zamanin En'e, lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, ba a karɓar buhu sai mai dubawa ya soka ya ga abin da ke ciki, fata kuma sai malamin fata ya duba. Da haka kayanmu suka yi suna a ƙasashen waje. Mu da muka san duba abin da za mu sayar wa wasu, yaya za mu kasa duba abin da a ke sayar mana? Duk ran da aka kawo kaya makaranta ko ofis, ko ganga ce ta fareti, ko jita, ko benci, kada alƙalaminku ya taɓa takardar karɓa sai an kwance an gwada a gabanku. Sa hannunku shi ne shingen ƙarshe tsakanin kuɗin jama'a da asara.

Malamin nan ya tafi da jitarsa, ya ce zai nemi kafinta su gwada sa'a, yaransa kuwa suna jira. Muna fata kukansa ya zama na ƙarshe irinsa da za a kawo mana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.