Lamar Jackson: Kada wasa ɗaya ya rufe maka ido

Ɗan'uwa matashi, in kana leƙa shafukan ƙwallon Amurka a X ko TikTok, ka san da zarar watan Janairu ya kama, sai a ɗauko maganar Lamar Jackson, mai jefa ƙwallon ƙungiyar Baltimore Ravens. Wai shi gwani ne a wasannin kaka, amma da an shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale sai ya zama kyanwar Lami. Kafin ka danna ka yaɗa, tsaya mu auna.

Masu sukar ba su rasa hujja ba. Sau biyu Lamar ya zama gwarzon gasar NFL, a 2019 da 2023, amma bai taɓa kai ƙungiyarsa wasan Super Bowl ba. A Janairun 2024 Kansas City ta doke su 17 da 10 har gida. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma wanda ake biya miliyoyin daloli dole a tambaye shi abin da ya yi a babbar rana.

To amma dubi yadda lissafin yake. Wasa 17 ake bugawa a kaka, a zagayen ƙarshe kuwa kuskure ɗaya ya isa ya kora ka gida. A Janairun 2025 Buffalo ta ci su 27 da 25. Gaskiya Lamar ya zubar da ƙwallo sau biyu kafin hutun rabin lokaci. Amma shi ne dai ya ja tawagar har suka matso, ya jefa wa Mark Andrews ƙwallon da za ta kawo kunnen doki, ta kuɓuce daga hannun Andrews. Da ya riƙe fa, da wane labari kake rubutawa yau? Mutum 11 ne a fili, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihi ma ya isa malami. Dan Marino ya yi kaka 17 a Miami bai ɗaga kofin ba, amma babu mai hankalin da zai ce Trent Dilfer, wanda ya ɗaga shi da Ravens a 2001 bisa ƙarfin 'yan bayansu, ya fi shi. Peyton Manning ya faɗi wasanninsa uku na farko a wannan zagaye, sai a 2007 ya ci kofi. Kai ma ai ka tuna abin da ake faɗa wa Messi kafin Qatar 2022.

Don haka ka soki Lamar kan ƙwallayen da ya zubar da hannunsa, wannan haƙƙinka ne. Amma kada ka ɗora masa na wasu, kada kuma ka goge aikin shekaru da bidiyon daƙiƙa 20. Wanda ya saba yanke wa mutum hukunci da rana ɗaya, wata rana shi ma da jarabawa ɗaya za a auna shi.