Naman Walimar Bankwana: A Je Wa Mahauci Da Safe



Sati uku ke nan ana karo-karo don walimar bankwana da yayyenmu 'yan aji shida, kuma sati uku ke nan ana musu a kan abu ɗaya: a ina za a sayo naman? Shinkafa ba ta jawo gardama ba. Zoɓo da kunun aya ma cikin minti biyar aka wuce su. Amma da aka zo kan nama, sai da shugaban ɗalibai ya buga tebur sau biyu kafin aka ji maganar juna.

Wasu sun ce a ba mutum biyu kuɗin mota su shiga Kano su sayo a wurin da ya yi suna, tunda walima ce ta sau ɗaya a shekara. Wasu sun ce a saya a nan Bici. Akwai kuma 'yan bayan aji, waɗanda ba ruwansu da Kano ko Bici, su dai a je wurin wanda ya fi ba da gyara. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun zauna a kan maganar, ga kuma inda muka tsaya: a sayi naman a gida, a hannun mahaucin da muka je muka ga aikinsa da safe. Wanda ba mu san safiyarsa ba, kada mu ba shi kuɗin mutum sama da ɗari saboda ƙamshin tukubarsa da daddare.

Waɗanda suka shigo bana ba su san dalilin da ya sa muka damu haka ba. Bara, ana saura kwana huɗu a fara jarrabawar ƙarshen zango, 'yan wani ɗaki suka haɗa kuɗi suka sayo tsire a wani wuri da ba za mu ambata ba. Kowa ya yaba, yaji ya ji, mai naman ma ya yi gyara mai kauri. Kafin asuba bakwai daga cikinsu suna layin banɗaki. Biyu sai da aka ƙara musu ruwa, ɗaya kuma ya rubuta lissafi yana riƙe da ciki, ya fito da sakamakon da har yau ba ya son a tuna masa. Babu wanda ya kai naman ɗakin gwaji, don haka ba za mu rantse ba. Amma duk wanda ya ci ya kwanta, wanda bai ci ba ya tashi lafiya.

Kada a ce abu ne ƙarami. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa. Nahiyarmu ce ta fi jin jiki: sama da mutum miliyan 91 ke kamuwa, kimanin 137,000 ke rasa rai. Ba nama kaɗai ke jawo wannan ba, amma nama na cikin abincin da ƙwayoyin cuta suka fi so, musamman a gari mai zafi irin namu inda wutar lantarki ke zuwa kamar baƙuwa.

Mu fara da masu son Kano, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Gaskiya ne a birni akwai masu nama da suka iya, akwai kuma babbar mayanka ta Abbatuwa inda ake yanka da yawa kullum. Matsalar tana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma cikin sanyi ba, domin tsakanin maki 5 da maki 60 a ma'aunin zafi ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. To a lissafa. A naɗe nama a birni, a nemi mota, a ratsa cunkoson Kurna da Dawanau, a iso Bici, a jira babban baƙo ya iso, a yi addu'ar buɗewa, a saurari jawabai (kowa ya san jawaban bankwana ba sa gajarta). Kafin tsinke na farko ya isa bakin ɗalibi, naman ya yi awa huɗu yana gumi a cikin leda.

Sannan ga wata tambaya da babu wanda ya yi a taron. Walimarmu bayan La'asar ce, ke nan 'yan aike za su sayi naman da rana tsaka. Yawancin masu tsire kuwa sai yamma suke hura wuta sosai. Idan baƙo ya zo da azahar yana neman tsinke ɗari biyu nan take, daga ina za a fito masa da su? Wanda ba a san shi ba, wanda ba zai dawo gobe ya yi ƙorafi ba, shi ne aka fi sauƙin sauke wa kwantai.

Kwantai shi ne zuciyar maganar. Naman da bai ƙare jiya ba, a shafa masa mai, a barbaɗa sabon ƙuli, a mayar gefen wuta ya ɗumama, da daddare ƙarƙashin ƙwan fitila ba mai bambanta shi da na yau. Ɗumamawa kuma ba gashi ba ne. Wutar da ke kashe cuta ita ce wadda ta kai tsakiyar nama maki 70. Ko ita ma ba ta gyara komai da komai, domin wasu ƙwayoyin cutar suna barin guba a cikin abincin da ya daɗe a ajiye, gubar da wuta ba ta kashe ta. Shi ya sa muke cewa a nemi mai naman da tirensa ke komawa gida wayam. A tambayi 'yan acaɓa da masu shayi da ke kwana kusa da shi, sun fi kowa sanin wanda ke ƙarar da kayansa kafin ƙarfe goma da wanda ke tattara ragowa a bokiti.

Ba muna zagin mahauta ba ne. A cikinmu akwai 'ya'yan mahauta, kuma da kuɗin fawa aka saya musu littafi da kayan makaranta. Mahaucin da ya yanka akuya da jarin da bai da wani, aka yi ruwan sama kasuwa ta watse, ba shi da firij, in ma yana da shi babu wuta, cewa ya zubar da rabin jarinsa ba magana ce mai sauƙi ba. Mun fahimci hakan. Amma fahimta ba ta wajabta mana cin naman ba. Hasali ma akwai hanyar da za ta fisshe mu gaba ɗaya: a ba shi kafin alƙalami kwana biyu kafin ranar, a gaya masa adadin da ake so, ya yanka dominmu. Shi ya tsira daga asara, mu mun tsira daga kwantai.

Me ake gani da safe wanda ba a gani da dare? Da farko ana ganin dabbar tana tsaye da ƙafafunta kafin a yanka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar noma irin tamu, inda kowa ya san idan saniya ko tunkiya ta kwanta ciwo, sau da yawa mai ita kan yi sauri ya sa wuƙa don kada ta zama mushe, naman kuma ya bi ta wata hanya ya shiga kasuwa da araha. Yankan ya halatta, amma halaccin yanka bai warkar da ciwon da ke jikin dabbar ba. A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar cutar antaraks a wata gonar dabbobi a Suleja, Jihar Neja, kuma gargaɗin da aka yi ta nanatawa a rediyo shi ne kada a yanka dabba marar lafiya, kada a ci namanta. Tarin fuka na shanu ma yana kama mutum. Saboda irin wannan ne ake da malaman dabbobi masu duba huhu da hanta a mayanka, saboda shi ne kuma tun kaka da kakanni garuruwan Hausa suke da Sarkin Fawa, wanda ya san wa ya yanka me, kuma ake kai masa ƙara. Mahaucin da ke yanka a fili, a gaban 'yan'uwansa, yana da idon da yake jin kunya. Wanda namansa ke ɓullowa da magariba daga cikin buhu, babu wanda ya san inda ya fito, to shi kaɗai ya san abin da yake sayarwa.

Ana kuma ganin ruwan da yake aiki da shi. Mutane suna tsoron naman, suna mantawa da abin da ke gefensa. Albasa da tumatir da kabeji ba sa ganin wuta ko kaɗan. Idan da ruwan kududdufi aka ɗauraye su, ko da wuƙar da ta gama yanka ɗanyen tumbi aka yayyanka su a kan katako ɗaya, to ko naman ya gasu kamar me, an riga an gama. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Shawararmu a nan mai sauƙi ce: a karɓo nama zalla, kwamitin abinci ya yanka albasa da kansa, da ruwan famfon makaranta da wuƙa mai tsabta.

Akwai wata muhawarar a cikin muhawara, wato tsire ko balangu. A nan ƙungiyarmu ma ta rabu, kuma sai da aka ɗaga hannu. Masu tsire sun ce ya fi sauƙin rabo, kowa tsinke biyu, babu rigima. Wannan gaskiya ne, duk wanda ya taɓa raba nama wa 'yan aji ɗaya ya san darajar abin da ake iya ƙirgawa. Amma mafi yawanmu mun zaɓi balangu, saboda ba ya iya ɓoye kansa. Tsire yana sanye da riga: ƙuli da citta da barkono da kanumfari da mai, waɗanda za su iya rufe warin da hanci ya kamata ya ji. Balangu kuwa tsirara yake a kan waya. Kana ganin tsoka ce ko jijiya, kana ganin yawan kitsen, ka nuna yankin da kake so a yanka a gabanka. Sai dai shi ma yana da nasa tarkon, tunda yankansa ya fi kauri: waje ya yi ja, ciki da sauran jini. Naman shanun da bai gasu ba shi ke kawo tsila. A sa ya tsaga guda ɗaya a duba tsakiya kafin a amince.

Ga 'yan bayan aji masu neman gyara kuwa, muna tare da ku a son nama da yawa, amma ku tambayi kanku. Kowa ya san yadda kuɗin dabba ya tashi a kasuwar Dambatta da ta Wudil. Idan mahauta biyar suna ba da kashi iri ɗaya, na shida yana ba da ninki a kuɗi ɗaya, ko dai ya fi su tausayi, ko kuma akwai abin da yake son ya rabu da shi kafin gari ya waye. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma 'yan ɗakin nan na bara gyara mai kauri aka yi musu.

Sai takardar naɗi. Wani daga cikinmu ya taɓa cin tsire yana karanta amsar jarrabawar wani ɗan aji biyu a jikin takardar, har da jan biron malami. Abin dariya ne, amma tawadar jarida da ta littafi tana narkewa cikin mai mai zafi ta shiga abinci, takardar buhun siminti kuwa ba sai an yi bayani ba. A Indiya tun 2016 hukumar kula da ingancin abinci ta gargaɗi masu sayarwa da su daina naɗe abinci da jarida. Mu ba ma buƙatar doka: ɗakin girki yana da manyan tukwane masu murfi, a wanke biyu a tafi da su.

Idan har zuciyar wasu ba za ta kwanta ba sai an ci wani abu daga birni, to a sayo kilishi a Agadasawa. Shi an yi shi ne don tafiya, an shanya shi ya bushe, an gasa, zai yi kwanaki bai canza ba. A raba wa yayyenmu a matsayin tsaraba, kowa ya tafi da shi gida.

Abin da muke roƙon kwamitin walima shi ne wannan. Ranar Asabar bayan sallar asuba, ɗalibai uku da malami ɗaya su je kwata. Muna ba da shawarar a roƙi malamin aikin gona ya raka su, tunda ya san lafiyayyar dabba in ya gan ta, a kuma sa ɗaya daga 'ya'yan mahautan da ke cikinmu, don shi ba za a yi masa wayo a kan tozo da cinya ba. Su gai da Sarkin Fawa, su ga mahauta biyu ko uku, su dawo da farashi a rubuce. Wanda aka zaɓa, in ya yarda, ya zo da wayarsa da itacensa ya hura wuta a bayan ɗakin taro, yadda nama zai taso daga wuta ya sauka a faranti. Kuɗin motar Kano da aka tanada kuma a ƙara a kan naman.

Za a yi zaman ƙarshe ranar Alhamis bayan tashi, a ajin da aka saba. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa ya rubuto, ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin Laraba, za mu manna takardarsa a nan gefen tamu.