Wasiƙa ga Masu Allurar Barci a Ɗakunan Tiyatarmu

'Yan'uwana,

Daga Karfi nake rubuto muku, inda na dawo bayan na ajiye aiki. Mutanenmu in tiyata ta kama, Malumfashi ko Funtua ake kai su, wato hannunku.

Littattafanmu sun ce idan jiki ya saki histamin, fata takan yi ja. Wannan a fatar Bature ne. Manomin da rana ta gasa, aka kuma lulluɓe shi da koren ƙyalle, wane ja za ku gani?

Ban manta da wata mai haihuwa ba. An ba ta atrakuriyom, ko minti uku ba a yi ba, jakar iskar da nake matsawa ta yi tauri kamar ƙwallo. Ƙirjinta na fito, jini ya faɗi warwas, zuciya sai sukuwa take. Aikin histamin ke nan: ya buɗe jijiyoyin jini, ya shaƙe hanyoyin numfashi. Na kai hannu kan haidrokotizon kamar yadda muka saba. Babbar sista ta riƙe ni, ta ce, "Adirenalin tukuna, ɗana." Allah ya sa matar na da sauran kwana.

Don Allah ku riƙe wannan. Ga babba, adirenalin miligiram 0.5 a tsokar cinya, a maimaita bayan minti 5 in babu sauƙi. A tsayar da maganin da ake zargi, a buɗe iskar oksijin, a saki ƙarin ruwa da gudu. Haidrokotizon sai bayan awanni yake aiki, Piriton kuwa ƙaiƙayi yake kwantarwa.

Morfin da fetidin da atrakuriyom, da yake suna sa jiki ya saki histamin, a tura su sannu a hankali. Amma kada ido ya tsaya a kansu kaɗai. Binciken NAP6 na Birtaniya a 2018 ya gano magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne kan gaba wajen haddasa mummunan borin jiki a tiyata, mu kuwa seftriyazon muke yi kusan kafin kowane yanka.

Ku tambayi majinyaci da Hausar da yake ji: ka taɓa borin jini? Kana fuka lokacin sussukar masara? Wace allura ta taɓa kumbura ka? In abin ya faru, ku rubuta sunan maganin ɓaro-ɓaro a katinsa, ku faɗa wa mai jinyarsa.

Gobe da safe, kafin a shigo da mutum na farko, ku duba kwanan watan da ke jikin kwalbar adirenalin.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin tiyata, Karfi