Darasin ɗaliban Nyange

Ba a haifar yaro da ƙiyayya, koya masa ake yi, kuma sau da yawa a aji take tsirowa. A Ruwanda, kafin kisan kiyashin 1994, akwai malaman da kan sa yaran Tutsi su miƙe tsaye a gaban 'yan ajinsu don a tantance su. Daga baya gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, cikin kwana kusan 100 aka hallaka mutum wajen 800,000. Amma a watan Maris na 1997, da 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren Nyange suka umarci ɗalibai su rabu, Hutu gefe, Tutsi gefe, yaran suka ƙi, suka ce dukansu 'yan Ruwanda ne. An kashe wasunsu, yau ƙasar na lissafa su cikin gwarazanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malam, in ka ji an yi wa yaro gori saboda yarensa, addininsa ko talaucin gidansu, kada ka kau da kai. Dakatar da darasi ka yi magana, domin shirunka ma karatu ne.